Yadda Na Kai Ƙafar Surukina Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a teburin Ɗan'asabe ba. Da na zauna sai wani ya matso: "Lawal, wai da gaske ka ga ƙwayar cuta da idonka?" Wani ya ce a'a, shi labarin burodin yake so. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Ranar kasuwar Batsari da kunnena na ji ana cewa wai goya surukina na yi har cikin Nijar. Ban goya kowa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ni mutumin Darini ne. Noma nake yi, da rani in taɓa cinikin hatsi. Matata Hadiza 'yar Zakka ce, mahaifinta malami ne da manya ke ɗaukar karatu a zaurensa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda. Baba Malam nake ce masa. Hadiza ce 'yarsa ta fari, don haka kunyar da ke tsakaninmu ninki biyu ce. Duk shekarun nan ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba. In na je gaisuwa daga bakin zaure nake durƙusawa, mu gaisa kowa na kallon ƙasa, in tashi in kama gabana.

Lokacin sharar gona kututturen kara ya soke shi a ƙwaurin dama. Abu kamar wasa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, ciwon nan sai faɗi yake, ƙafar ta kumbura har ƙasa. Wani ma'aikacin lafiya da ya duba shi ya ja Inna, uwar matata, gefe ya ce in aka ci gaba a haka, ƙarshenta yankewa ne. Maganar ta koma kunnen Baba Malam. Ya ce to shi da asibitin birni har abada, da ƙafa biyu Allah ya halicce shi, da biyu za a kai shi makwancinsa. Ana cikin wannan jayayya sai wani tsohon ɗalibinsa, Alhaji Mamman, da ke zaune a Maraɗi, ya bugo waya. Ya ce kusa da gidansa akwai wani ɗan asibiti mai ɗakin gwaji, sai sun gano irin ƙwayar da ke cikin ciwo kafin su yi maganar wuƙa. Da yake daga bakin ɗalibinsa ta fito, Malam ya yarda. Saura mai rakiya. Ɗansa namiji yana can kudu wajen aiki, ba a ba shi hutu ba. Hadiza ta juyo ta zuba mini ido. Da na ce zan je, sai ta ce, "Ka dawo mini da shi yadda ka tafi da shi."

Sai da hantsi ya ɗaga muka tashi daga Zakka, don a wajenmu yanzu, saboda 'yan bindiga, ba mai sammako, ba mai yin yamma a hanya. Gajeriyar hanyar Batsari zuwa Jibiya ma mun bar wa masu ita, muka zagaya ta Katsina. Matsalar farko ta same ni tun a tasha. Direba ya ce tunda tare muke, mu biyu mu raba kujerar gaba. Ni, cinyata jikin cinyar surukina! Na ce Malam na da ciwo, a bar masa gaban shi kaɗai, na zagaya na shige but ɗin motar tsakanin buhunan gero da kwandon kaji. Kajin ba su ji daɗin zuwana ba, kuma sun nuna mini.

Hadiza ta haɗa mini dambu a kwano, amma ina halin ci, Malam na iya waigowa. Haka na riƙe yunwa har Katsina. A tasha na laɓe bayan wata babbar mota ina turawa hannu baka hannu ƙwarya, sai na ji yaran mota na ihun ina mai tsoho. Na fito a guje baki cike. Shi kuwa Malam tunda muka shiga birni bai yarda da ni ba. Duk inda mota ta rage gudu kusa da gini mai ƙofar ƙarfe sai ya tambayi direba, "Yaro, nan ina ne?" Yana zaton dabara muka shirya da Inna, za mu sauke shi inda ya ce ba ya zuwa. Sai da ya ga mun miƙe hanyar Jibiya ya saki jiki ya ci gaba da jan carbinsa.

A bakin iyaka kowa sauka yake ya taka da ƙafa zuwa wancan gefen. Malam ba ya iya takawa. Wani mai baro ya turo baronsa gabanmu da fara'a, har yana kakkaɓe cikin. Malam ya dubi baron, ya dubi mai shi, ya ce, "Ni buhun masara ne?" A ƙarshe babur muka samu, aka ɗora shi a karkace, ni ina biye da jaka da buta da tukunyar man shanun da Inna ta ba da a kai wa Alhaji Mamman. Nan ne tushen labarin goyon, in kuna son sani. Jami'in da ke wancan gefen da ya ga farin gemu sai ya tuɓe hularsa ya roƙi addu'a, Malam ya yi masa mai tsawo. Ni aka tsayar ana tambayar abin da ke cikin tukunya. Ba sai na buɗe ba ma, don man ya narke a mota ya tsiyaye mini daga ƙirji har gwiwa. Ƙudajen ƙasa biyu suka raka ni Maraɗi.

Mutanen Maraɗi Katsinawa ne 'yan'uwanmu, Hausarsu irin ta ƙauyukanmu ce, sai dai su kan jefa Faransanci inda muke jefa Turanci, ka tsaya kana gyaɗa kai ba ka san abin da ka amince da shi ba. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, ranar farko sai da ya fasa mini dasashi. Shayinsu a ɗan mitsitsin kofin gilashi, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka shanye na farko ka tashi ka yi laifi, akwai na biyu da na uku a kan wuta. Daga azahar gari kan mutu, shaguna a rufe, sai la'asar a farfaɗo. Amma furarsu, ku yi haƙuri, ta fi tamu. Kwaɗon zogalensu ma ban ga na biyunsa ba.

Alhaji Mamman ya karɓe mu hannu bibbiyu. Don ya girmama mu sai ya ba mu ɗaki guda mai kyau, an jera katifu biyu gefe da gefe. Na yi godiya, na jira ya fita, na ɗauki tabarma na koma baranda. Damina ce, feshin ruwa na shigowa, amma na gwammace in jiƙe. Kullum bayan sallar asuba Malam zai yi gyaran murya, in kai masa ruwan zafi bakin ƙofa, in tafi can ƙarshen layi in tsaya ina kallon masu tuyar ƙosai har sai ya gama gyaran ciwonsa. Ko a gida ba mai ganin ciwon, shi ke wankewa da kansa ya ɗaure da farin ƙyalle.

Washegari muka je asibitin. Likitan wani gajere ne mai yawan dariya. Ya kwance ƙyallen, ni kuwa na tsura wa silin ido.

"Malam, ciwonka har ƙamshi shi kai," in ji likitan. "Da duk marasa lahiya haka suke da mun huta."

Ya ɗauko biro ya zagaye iyakar inda fatar ta yi ja ta yi zafi, ya ce da wannan layin za mu riƙa gane ko cutar gaba take yi ko baya. Ya tambaye ni ko akwai maganin da Malam ke amfani da shi. Na ce duk an daina tun kafin mu taso, don iyakar sanina ke nan. Sannan ya kira mai ɗakin gwaji, wata mata mai tabarau da ake kira Madam Rakiya. Ta shafo ciwon da auduga a kan tsinke ta tafi da ita.

Ni ba na iya ganin abu ban tambaya ba, sai na bi ta. Ta ɗauko wani ɗan faranti mai murfi, cikinsa wani jan abu a daskare, ta goga audugar a kai.

"Madam, me kike yi haka?"

"Shuka," ta ce. "Kai ba manomi ba ne? Wanga abincin ƙwayoyin cuta ne. In sa shi cikin akwatin ɗumi, abin da ke cikin ciwon ya tsiro, mu ga ko wane iri ne, mu gwada mashi magani."

Ranar da muka koma ta nuna mana farantin. Fes, ko ɗigo babu. Na ɗaga hannu na ce Alhamdu lillahi, ashe ba ƙwayar komai. Sai na ga likitan bai yi dariyar da ya saba ba. Ya nuna ƙafar daga saman ƙyallen. Jan ya tsallake layin biro ya haura sama. Ya ce ƙwayar tana nan, ƙin fitowa ta yi, kuma magani ba tare da sanin abokin faɗa ba jifa ne cikin duhu. Zai gwada wanda yake zato, amma in jan ya kusanci gwiwa dole a zauna a yi wata magana. Bai ambaci wuƙa ba. Malam ya ji ta duk da haka, na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Tsoro ya kama ni sosai. Da Hadiza ta bugo na ce mata ana kan gwaji, na kashe wayar da sauri.

Kwanan baranda kuwa ya riga ya saka mini mura. Da yamma na koma wajen Madam Rakiya ni kaɗai, ina jan hanci, wai ko akwai abin da za a sake. So nake ta san mu ba masu sakaci ba ne. In ina share ɗaki na sha ganin fankon kafso ja da baƙi a ƙarƙashin katifar Malam, ban ɗauke shi komai ba, don a wajenmu wa bai taɓa buɗe kafso ya barbaɗa a ciwo ba? Ban ma lissafa shi cikin magani ba, kamar gishiri yake a gida.

"Wallahi Madam yana ƙoƙari," na ce. "Kullum da safe sai ya wanke ya zazzaga hodar kafso, ja da baƙin nan. Ranar da za mu zo nan ma fanko ya fi yawa."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Mi ka ce?"

Na maimaita, har da ɗan alfahari. Ta dafe kai da hannu biyu, ta yi wata magana da Faransanci wadda na tabbata ba yabo ba ne. Sannan ta ce in zauna in buɗe baki. Ta kankaro cikin kumatuna da ɗan tsinke, ta shafa a gilashi, ta ɗiga wani shuɗin ruwa, ta sa a ƙarƙashin madubin likita. Da farko gashin idona kawai nake gani. Da ta murɗa wani abu sai ga su, faffaɗan abubuwa a baje, kowanne da ɗigo mai duhu a tsakiya.

"Kai ne wannan," ta ce. "Jikinka duk da irinsu aka gina shi, ƙwayoyin halitta. Ɗauki kowace ɗaya kamar gida. Gefen nan tantani ne, ya hi na cikin ƙwai siranta nesa ba kusa ba, amma shi ne zauren gidan, shi ka zaɓen mai shiga da mai hita. Abinci ya shiga, datti ya hita. Ɗigon tsakiya turakar mai gida ce, nan umarni yake ajiye. Akwai murahu da yawa ciki inda ake ƙona abinci a samu ƙarhi, akwai masu haɗa kayan gini, akwai masu kwashe shara, sai dai madubina bai kai ya nuna maka su ba."

Na ce yanzu duk wannan hidimar a cikin kumatuna ake yin ta, ni ban sani ba? Ta ce tun ranar da aka haife ni. Ta sauya gilashi ta sa na wani mara lafiya. Wannan karon 'yan ƙananan ɗige-ɗige ne a cure, in ka kwatanta da nawa kamar gero kusa da faifai.

"Bakteriya ke nan. Su ma gida ne, amma ɗaki guda, ba turaka, komi a zube. Bayan tantani kuma suna da katanga mai tauri wadda naka ba su da ita. Kafson nan ja da baƙi hana su gina katangar shi kai, su kumbura su hwashe. Shi ya sa yake kashe su kai bai taɓa ka ba. Hodar da Malam ke zubawa ta kashe na saman ciwon, ta biyo audugata ta hana shukata tsirowa. Na can ciki kuwa suna nan lahiya lau, waɗanda ta ɗan taɓa ma sun saba da ita."

Sai a lokacin na gane. Mun ɗauko ciwo tun daga Zakka don a ga abin da ke cikinsa, kuma kullum da safe muna share shaidar. Na ce to shi ke nan, zan karɓe kafson, dama ga mura na damuna, sai in shanye su kada su lalace. Ta harare ni.

"Murar taka bairos ce. Shi ba shi da gida, ba murhu, ba katanga, ko a madubin nan ba ya ganuwa. Ɗan umarni ne a naɗe cikin riga. Ya lallaɓa ya wuce zaurenka, ya sa mutanen gidan su bar aikinsu su yi nashi har gidan ya lalace. Kafso katanga yake rusawa. Wanda ba shi da katanga fa? Sha ruwan ɗumi ka bar kwana waje."

Na ce mata wannan baƙon ba sai ta yi dogon bayani ba, mu mutanen yammacin Katsina mun san irinsa. Ta kai ni wajen likita, suka yanke cewa a bar ciwon ba hoda ba turare, ruwan gishirin da za su ba ni kawai, sannan a sake ɗauka daga can ciki. Suka ce kuma dole wani ya tsaya a kai ya tabbatar. Su a ganinsu ƙaramin aiki suka ba ni.

Da asuba Malam ya yi gyaran murya. Na kai ruwan, amma maimakon in ajiye a bakin ƙofa sai na shiga na durƙusa daga gefe. Ya jira. Ya sake gyaran murya.

"Malam Lawal, ba za ka ɗan taka ba? Iskar sahe na da daɗi."

"Allah gafarta Malam, yau ba inda za ni."

Ana yayyafi a waje amma zufa nake. Na fuskanci bango na fara bayani, na haɗa zaure da katanga da murhu na dama su wuri guda, ni kaina ban gane abin da nake faɗa ba. Ya bar ni har na ƙare.

"Watau," ya ce, "in tahi gaban ɗiyar mutane ƙafata na wari."

"I, Baba. Abin da ke kawo warin suke nema."

"Tun ba a haihi matarka ba nike koya wa mutane tsarki. Yau ni za a toshe wa hanci?"

Sai na ga ashe ba taurin kai ba ne, kunya ce, irin wadda ta kwantar da ni a baranda. Na ce, "Baba, Hadiza ta ce in mai da ku yadda na ɗauko ku. In kun bar hodar nan akwai hali. In ba ku bari ba, ban san abin da zan ce mata ba."

Can ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo leda cike da kafso, ya turo ta kan tabarma har gabana. Ya fara kwance ƙyallen.

"Tunda ka zamna," ya ce, "matso ka riƙe mani ƙafar."

Ranar na fara ganin ciwon. Ya kai tafin hannuna faɗi, kuma mutumin nan watanni yana ɗauke da shi bai taɓa cewa wash a gaban kowa ba. Tausayinsa ya cika ni, na wanke masa a hankali ina haɗiye hawaye tare da majinar mura.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi ciwon yi masa wuya. Warin ya fito. Ya hana kowa shiga ɗakin sai ni, baƙin da Alhaji Mamman ke kawowa neman addu'a daga tsakar gida yake yi musu. Ranar komawa asibiti ya ja rawani ya rufe fuska har ido. Madam Rakiya kuwa da ta kwance ƙyallen cewa ta yi, "Yawwa Malam, yau ka kawo mani abin kirki." Likita ya ɗebo daga can cikin naman, Malam na ta salati, aka fara masa allura kafin sakamako ya fito.

Wannan karon shuka ta yi kyau. Farantin ya cika da ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa. Tunda nake noma ban taɓa murnar ganin abin da ba na so ya tsiro ba sai ranar. Ta sake shuka su a wani farantin, ta jera 'yan fararen takardu ƙanana a kai, kowace da irin maganinta. Da muka dawo, wajen takardar da ke ɗauke da maganin kafson Malam ƙwayoyin sun tsiro har jikinta, ko a jikinsu. Wajen wata kuwa an samu fili zagaye, tas, ba ko ɗaya. Ta ɗora yatsa a kan murfin ta ce ga maganin ƙafar nan.

Malam ya ce shi ma a nuna masa masu cin ƙafarsa. Aka matsa masa kujera, ya ture rawani baya, ya kafa ido a madubin. Ya daɗe ƙwarai.

"Subhanallahi," ya ce. "Waɗanga 'yan mitsi-mitsin su ka kayar da ni?" Ya ɗago. "Ɗiyata, a ruwa ma akwai irinsu?"

"Akwai, Malam, ko a na rijiya. Galibinsu ba su cutarwa."

"To ruwan da ke ɗauke da halittu haka, mi ne hukuncin alwalla da shi?"

Madam Rakiya ta yi dariya har da riƙe tebur. "Wannan fatawar taku ce, Malam. Ni nawa in nuna."

Aka sauya allura zuwa wadda farantin ya zaɓa. Kullum da safe ni ke wanke ciwon, kuma kafin in taɓa ruwa layin biro nake fara dubawa. Da farko jan ya tsaya cik. Sannan ya fara ja da baya, ya sauko kan layin, ya koma ƙasa da shi. Kumburin ya saɓe har fatar ta yi tamoji. Wata safiya likitan ya danna gefen ciwon, ya ga jan nama sabo na tasowa, dariyarsa ta dawo. Ya ce, "Malam, ƙafarka taka ce, ka tahi da abinka." Na fita bayan asibitin na zauna a kan wani bulo, na yi kukan da nake ta riƙewa. Da na bugo wa Hadiza ban gama faɗa ba ta rangaɗa guɗar da ta sa na janye wayar daga kunne.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. An sallame mu da ƙwayoyin da zai ƙarasa sha da gargaɗin kada ya tsallake ko ɗaya, Alhaji Mamman ya cika mu da kilishi da burodin nan nasu. A iyaka mai baron nan ya gane mu, ya ɗaga wa Malam hannu daga nesa bai matso ba.

Da la'asar mota ta sauke mu a bakin hanyar Zakka. Mutanen gari sun kawo amalanken shanu, an shimfiɗa bargo a ciki. Malam ya yi musu godiya, ya ce shanun su huta. Ya dogara sanda ya kama hanya a hankali, ƙafar hagu cikin takalminsa na fata, ta dama cikin wani ƙaton silifas na roba, jama'a na biye da shi ana ta barka. Ni ina can baya da jaka da buta.

Inna na tsaye a ƙofar zaure. Ba ta dubi fuskarsa ba, ƙasa take kallo, har ya iso gabanta. Sai ta juya ta shige gida ba ko sannu da zuwa. Muka tsaya cirko-cirko. Jim kaɗan ta fito da takalmin fata na dama a hannu, ta goge shi da bakin mayafinta, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Tun ran da kuka tahi nike ɗauko shi in mayar," ta ce. "Na rasa ko in aje ko in yar."

Malam ya zare silifas ɗin, ya dafa bango, ya zura ƙafar a hankali.

"Ya ɗan matse," ya ce. "A bar shi haka nan."

Ya taka ya shiga zaurensa da shi.